Karatu Kawai, Ba Rubutu

Daren Talata wuta ta ɗauke a Nima,
ruwa na dukan kwano, gwata ta cika ta tumbatsa.
Kwamfutar asibitinmu na tsakiyar magana
aka toshe mata baki.

Da safe Mumuni akawu ya aiko yaro:
"Adiza, zo, injinki ya yi taurin kai.
Yana nuna tsofaffin sunaye, ya ƙi karɓar sabo,
ga mata goma sha bakwai a kan benci, kowa da goyo."

Na iso da kokona a leda, ban ko kurɓa ba.
Baƙin allo, farin rubutu, layi huɗu.
Zuciyar na'ura ce ke magana,
ita da ba a jin muryarta sai abu ya ɓaci.
Ta ce: na ɗauko kati na dubu tara da shida,
na tara lambobinsa kamar kullum,
jimla ta saɓa wa hatimin da ke gindinsa.
Daga yanzu karatu kawai.
Ba rubutu.

Mumuni ya dafa teburi: "Takardun sun ƙone ke nan?"
Na ce a'a, kaya na nan cikin sito,
littafin mai sito ne ya jiƙe.
Kowane fayil da katinsa:
na wane ne, nawa ne tsawonsa,
a wane lungun faifai ya kwana.
Katin ne ya soma ƙarya.

Wannan ya ce, ɗaki kaza nawa ne,
wancan ma ya ce nan yake kwana,
kamar filin kawu Labaran a Kasuwa
da aka sayar wa mutum biyu,
kowa da takarda, kowa da shaidu,
har yau ciyawa ce ke zaune a ciki.
Wani kati ya rantse an haife shi
shekara arba'in nan gaba.
Wani ya ce ya fi faifan da ke goye da shi girma,
kifi ya fi kogi.

Na san masu biro da dama a garin nan:
in lissafi ya ƙi fita
sai su ƙara sifiri, su hura wa tawada, su rufe littafi.
Ita ba ta yi haka ba.
Da ta ci gaba da rubutu bisa katin ƙarya,
da awon cikin wata ya hau kan gwajin jinin wata,
ba mai sani sai ranar da aka ba da magani.
Da muguwar rawa, in ji ta, gara ƙin tashi.

Na kwafe faifan kaf kafin in taɓa shi.
Na buɗe littafin niyya,
inda take rubuta abin da za ta yi kafin ta yi:
shafin ƙarshe ya tsaya a rabin kalma.
Mai bincike ya bi ɗaki ɗaki yana tambayata,
in gyara? In gyara?
Sau talatin da ɗaya na ce i,
sau biyu hannuna ya tsaya a sama.

Azahar ta wuce kafin a gama.
A ɗakin tsintuwa fayil uku ke zaune,
ba suna, ba uwa, lamba kawai a goshi.
Biyu rasit ne.
Na ukun gwajin jini: mace, shekara shida, sikila.

Mumuni ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.
"Ranar Litinin ce, da yamma, tana kuka da gwiwa.
'Yar Rakiya mai wake ce, ta bakin gadar Mamobi.
Rubuta Suwaiba."

Na rubuta.
Na'ura ta tara lambobi, ta buga sabon hatimi, ta yi shiru.
Kokona ya kama fata a leda.
Ina ɗaga shi, ƙwan fitila ya ƙifta sau ɗaya,
ni da Mumuni muka dubi sama.